Haramcin Pauli da Tsarin Ƙwayar Zarra

A shekarar 1911, sa'ad da Ernest Rutherford ya tabbatar a birnin Mancasta cewa kusan dukan nauyin ƙwayar zarra yana tattare a wata 'yar cibiya, ilaktoron kuwa suna kewaye da ita, sai malaman ilmin ɗabi'a suka faɗa cikin mas'ala mai wuyar warwara, domin bisa ƙa'idojin da suka gada, wajibi ne ilaktoron ya zubar da ƙarfinsa ya afka cikin cibiyar kafin ƙiftawar ido, alhali ga duwatsu da ruwaye nan daram.

Niels Bohr, mutumin Denmak, shi ya yi ijtihadi a 1913, ya ce ilaktoron ba ya zama sai a kan darajoji ƙayyadaddu, kamar mai hawan tsani da ba shi da wurin sa ƙafa tsakanin mataki da mataki. In ya sauko daga wata daraja zuwa ta ƙasa, sai ya fitar da haske gwargwadon tazararsu. Lissafinsa ya yi muwafaƙa da layukan hasken haidirojin waɗanda Balmer, wani malamin makaranta a Basel, ya tsara tun 1885.

Amma a ganina babbar tambaya ta saura ba a warware ta ba: me ya hana dukan ilaktoron su taru a daraja ta ƙasa, har ta fari ta cika da 2, ta biyu da 8, ta uku da 18? Wolfgang Pauli, yana saurayi a Hambug, bayan ya yi nazarin maƙalar Edmund Stoner ta 1924, ya yanke hukunci a 1925 cewa haramun ne ilaktoron biyu cikin zarra guda su yi tarayya a dukan siffofi huɗu da ke bayyana halin kowannensu. Siffa ta huɗu, mai fuska biyu kacal, Uhlenbeck da Goudsmit ne suka fassara ta a Laidin cikin wannan shekara, suka ce juyi ne na ilaktoron a kan kansa.

Da wannan haramci jadawalin sinadarai na Mendeleev, wanda aka riƙa tun 1869 ba tare da sanin dalilinsa ba, ya sami hujja. Niyon, mai ilaktoron 10, darajojinsa biyu sun cika, saboda haka ba ya cuɗanya da kowa. Sodiyam, mai 11, guda ya rage masa a waje, yana gaggawar bayar da shi, har yakan kama wuta in an jefa shi a ruwa. Schrödinger ya shafe zanen falakin ilaktoron na Bohr a 1926, Born ya mai da shi sararin da ake kyautata zaton samun ilaktoron, amma hukuncin Pauli bai motsa ba, ko da yake sai a 1945 aka ba shi kyautar Nobel.