Tsibirran tsuntsaye da masu lalurar ƙafa: abin da doka ta tanada da abin da ke bakin gaɓa

Zariya ba garin tsibirai ba ce. Ruwan da mazauna Samaru suka fi sani shi ne madatsar Kubanni da ke cikin Jami'ar Ahmadu Bello, na Sabon Gari kuwa kogin Galma. Duk wanda ke son ganin tsuntsayen ruwa a mazauninsu na ainihi, ko ɗalibin nazarin halittu ne ko mai yawon buɗe ido, sai ya yi doguwar tafiya, kuma ƙarshenta kwale-kwale ne.

Wurare biyu ne suka fi shahara. Na farko shi ne dausayin Haɗeja da Nguru, a tsakanin jihohin Jigawa da Yobe, inda tafkin Nguru ya shiga jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2000. A yankin ne mafakar tsuntsaye ta Dagona take, cikin ƙasar Bade. Daga Zariya ana bi ta Kano ne a nufi Nguru ko Gashuwa. A lokacin hunturu tsuntsaye kan taso tun daga Turai su sauka a nan, su tarar da 'yan gida irin su dinya da kirinjijiya da zalɓe. Na biyu shi ne tsibirran Foge da ke tafkin Kainji, waɗanda suka shiga jerin a 2008.

Ga mai amfani da keken guragu ko sanduna, nisan hanya ba shi ne babbar matsala ba. Matsalar tana tsakanin inda mota ta tsaya da inda jirgi yake. A galibin irin waɗannan gaɓoɓi babu dakalin hawa, sai gangare mai laka ko yashi, wanda tayar keke ke nutsewa a ciki. Kwale-kwalen katako kuma siriri ne, yana tangaɗi da zarar an taka shi, mazauninsa allo ne marar majingina. Abin da aka saba yi shi ne majiya ƙarfi su ciccibi mutum su shigar da shi, abin da ke da haɗari ga mai ciwon laka, ban da zubar da mutunci da yake jawowa. A Nguru akwai ƙarin cikas: ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa da dama, har yakan kai fasinja ya sauka a ja jirgi, wanda ba kowa ke iyawa ba.

Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a da hanyoyin sufuri, har da tasoshin jiragen ruwa. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. Sai dai dokar ta fi hango manyan tasoshi, alhali fasinjan Arewa a kwale-kwalen masunci yake shiga, wanda aikin sa masa ido ke hannun hukumar NIWA. Haɗarin jirgin da ya auku kusa da Warrah ta jihar Kebbi a Mayun 2021, a kan wannan ruwa na Kainji, ya nuna yadda lodi fiye da kima ke hallaka har masu ƙafafu lafiya.

Saboda haka mai niyyar tafiya gara ya tanadi rigar kariya daidai jikinsa tun daga gida, ya yi shatar jirgi mai faɗin ciki maimakon na haya, ya tafi da abokin rakiya da ya san yadda ake ɗaga shi, kuma ya dawo gaɓa kafin faɗuwar rana. A Dagona, da yake tafki ne, ana iya hangen tsuntsaye da tabarau mai jawo nesa daga bakin ruwa ba tare da an shiga jirgi ba.