Halayen yau da kullum da lafiyar haƙora

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na shekarar 2022, kusan mutane biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki da haƙora, kuma uku cikin huɗu na waɗannan mutane suna zaune ne a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfin arziki.

Likitoci sun ce galibin waɗannan cututtuka ana iya kauce masu, domin tushensu yana cikin abin da mutum ke ci da kuma yadda yake tsabtace bakinsa.

Sukari

Ƙwayoyin cuta da ke manne a haƙora suna mayar da sukari zuwa wani sinadari mai tsami, wanda ke zaizaye farin ɓawon haƙori har ya yi kogo.

Miyau ne ke wanke wannan tsami, amma yana buƙatar lokaci. Saboda haka mai kurɓar shayi ko lemon kwalba a kai a kai cikin yini ya fi cutar da haƙoransa a kan wanda ya sha sau ɗaya tare da abinci.

A shekarar 2015 Hukumar ta ba da shawarar cewa zai fi kyau babban mutum ya taƙaita sukarin da yake sha zuwa kimanin giram 25 a rana, wato ƙaramin cokali shida. Sau da yawa gwangwanin lemo ɗaya ya zarce wannan adadi.

Goro da taba

Goro yana rina haƙora, kuma ragowarsa na maƙalewa a tsakaninsu idan ba a kurkure baki ba.

Illar taba ta fi haka tsanani. Ko ta hayaƙi ce ko ta gari da ake dasawa a leɓe, tana haddasa ciwon dasashi da zubewar haƙora, kuma tana cikin manyan musabbabin sankarar baki.

Aswaki da buroshi

Aswaki sunna ne, kuma bincike ya nuna cewa itacen arak na ɗauke da sinadaran da ke rage ƙwayoyin cuta. Sai dai a riƙa yanke bakinsa a kai a kai, a kuma guji dirza dasashi da ƙarfi.

Masana sun ce a goge haƙora na minti 2, sau biyu a rana, da man goge baki mai sinadarin fuloraid. Gogewar dare ta fi muhimmanci, domin miyau yana raguwa idan an yi barci.

Ana kuma son a sauya buroshi bayan kimanin wata 3. Gawayi da toka suna kankare ɓawon haƙori, wanda ba ya sake tsirowa. Haka nan buɗe kwalba da haƙori ko yin sakace da allura na iya jawo tsagewa ko rauni.

Haɗari ga yara

Rashin tsabtar baki tare da tamowa na buɗe ƙofa ga cutar Noma, wadda ke farawa da gyambo a dasashi sannan ta ci naman fuska. Ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6, kuma tana kashe mafi yawan waɗanda ba su samu magani ba.

Tun 1999 akwai asibiti na musamman domin masu wannan cuta a Sakkwato. A watan Disamban 2023, bisa buƙatar Najeriya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin jerin cututtukan yankuna masu zafi da aka yi sakaci da su.

Alamomin da ke buƙatar likita

Jini a dasashi, warin bakin da ya ƙi tafiya, haƙori mai girgiɗi, da gyambon da ya wuce mako 2 bai warke ba, duka suna buƙatar ganin likitan haƙori.

Masu ciwon sukari su ne suka fi buƙatar lura, domin ciwon dasashi ya fi saurin kama su, kuma shi kansa yana wahalar da daidaita sukarin jini.