Gidan Meux: Tarihin Dukiyar Giya da Rigimar Gado a Landan

Meux, wanda ake furtawa "Miyuks", sunan wata zuri'a ce ta masu masana'antar giya a Landan da ta yi tashe daga ƙarshen ƙarni na 18 zuwa farkon ƙarni na 20. An san gidan da baƙar giyar da leburori da 'yan dako suka fi sha, amma takardun kotu sun fi gangunan giya riƙe tarihinsa.

Richard Meux ne ya kafa harsashin arzikin a masana'antar Griffin. Da ya tsufa sai 'ya'yansa da abokin haɗin gwiwarsu Andrew Reid suka saɓa a kan kuɗi da ragamar kamfani, har magana ta kai kotun Cansari, wadda ke duba sha'anin amana da gado. A 1809 aka sayar da masana'antar bisa umarnin kotu, ta faɗa hannun Reid da mutanensa. Ɗaya daga cikin 'ya'yan, Henry, ya kama gabansa ya mallaki masana'antar Horse Shoe a bakin titin Tottenham Court.

Bai daɗe da kafuwa ba masifa ta auku. Ranar 17 ga Oktoba 1814 ɗaurin ƙarfe na wata ƙatuwar gangar katako mai tsayin ƙafa 22 ya zame, daga baya gangar ta fashe, giya ta rushe bango ta malale cikin unguwar talakawa ta St Giles. Mutum takwas suka mutu, mata da yara. Masu binciken mutuwar suka ce tsautsayi ne, don haka kamfani bai biya diyya ba. Asarar ta kai wajen fam 23,000, kuma da majalisar dokoki ba ta amince a mayar masa da harajin da ya riga ya biya a kan giyar da ta zube ba, kimanin fam 7,250, da bashi ya durƙusar da shi. Henry ya farfaɗo, a 1831 aka ba shi sarautar baronet, wadda ake gado daga uba zuwa ɗa, ya rasu a 1841.

Bashi dai jinin wannan sana'a ne. Manyan masu giya na Landan kan ranta wa masu mashaya kuɗin kama wuri, da sharaɗin ba za su sayar da giyar kowa ba sai tasu. Ke nan dukiyar mai masana'anta ba tsabar kuɗi ba ce a akwati. Tana warwatse a hannun mabarta da gine-gine da hannun jarin abokan haɗin gwiwa. Irin wannan dukiya rabonta sai da lauya.

Babbar rigimar ta tashi a zamanin Sarauniya Biktoriya, a kan Henry na biyu, ɗan Henry na farko, wanda aka haifa a 1817, ya kuma wakilci Hertfordshire a majalisa daga 1847 zuwa 1859. A 1856 ya auri Louisa Brudenell-Bruce, 'yar gidan sarauta wadda ya girme wa nesa ba kusa ba, kuma a shekarar aka haifa musu ɗa. A lokacin har an fara ganin alamun taɓin hankali a tare da shi. A 1857 ya yi wa wasiyyarsa gyara wanda ya fifita matarsa a kan 'yan uwansa mata. Su kuwa ba talakawa ba ne, duk manyan mutane suke aure, amma ba su yarda ba. A 1858 aka zauna binciken hankalinsa a bainar jama'a, likitoci da barori da abokai suka yi ta ba da shaida a kan yadda yake magana da yadda yake tafiya, jaridu suna ɗauka. Cewa ya zautu, wannan ba a yi gardama a kai ba. Abin da aka kasa tsayarwa shi ne ranar da hankalin ya gushe, alhali duk shari'ar a kan wannan rana ta rataya: kafin ya sa hannu a gyaran ne ko bayan nan? Shi dai ya rayu har 1883, shekara 25 wasu na juya masa dukiya, abokan haɗin gwiwa irin su Dudley Marjoribanks suna tafiyar da kamfani.

Ɗansa Henry Bruce Meux ya gaji komai, amma tun kafin nan ya riga ya ɓata wa dangi rai. A 1878 ya auri Valerie Langdon, 'yar wani mahauci daga Devon, wadda aka ce a gidan rawa suka haɗu. Masu faɗa a ji suka juya mata baya, ita kuwa ko a jikinta. Mai zane Whistler ya zana ta a 1881, kuma don ta ne aka kwashe duwatsun tsohuwar ƙofar Landan ta Temple Bar aka sake gina ta a gandunsu na Theobalds. Sai a 2004 ƙofar ta koma birni.

A 1888 aka mayar da kamfanin na masu hannun jari. Mijin ya rasu a 1900 ba ɗa ba jika, sarautar ta mutu tare da shi, dukiya ta koma wa matar. Da ta rasu a 1910 ta tsallake dangin mijin, ta bar mafi yawan abin da ta mallaka ga wani hafsan sojan ruwa, Hedworth Lambton, da sharaɗin ya ɗauki sunan Meux. Ya ɗauka a 1911. An rufe masana'antar Horse Shoe a 1921, kuma gidan wasan Dominion ne yake tsaye a filin tun 1929.