Fadar Trakai ba ginin hoto ba ce

Duk lokacin da wani ya kai iyalinsa hutu Lituwaniya ya saka hoton jan ginin nan da ke tsakiyar tafkin Galve, sai an sami mai cewa ai wannan fada ta bogi ce, 'yan Sobiyet suka gina ta don masu yawon buɗe ido. Gaskiya ne an sake ɗora yawancin hasumiyoyinta a ƙarni na 20. Amma wanda ya tsaya nan bai san abin da yake kallo ba, kuma ya zalunci mutumin da ya kammala ginin kusan 1409, wato Vytautas.

Mahaifinsa Kestutis ne ya fara aikin a ƙarni na 14, lokacin da Lituwaniya take ƙasa ta ƙarshe a Turai da ke kan addinin gargajiya, barade 'yan Salibiyya na Jamus kuma suna kawo mata hari kusan kowace shekara. Shi ya sa aka zaɓi tsibiri: doki ba ya ratsa ruwa da sulke a bayansa. A 1382 ɗan baffan Vytautas, Jogaila, ya kama uba da ɗa ya tsare su a Kreva. Kestutis ya mutu a tsare, Vytautas kuwa ya sulale cikin kayan mata ya gudu wurin Jamusawan nan da ubansa ya ƙare rayuwarsa yana yaƙa. Ku duba zuciyar mutum! Daga baya ya juya musu baya, ya shirya da Jogaila, ya karɓi mulkin Lituwaniya a 1392, ƙasarsa ta miƙe daga tekun Baltik har kusa da Baƙin Teku. A 1399 ya sha mummunan kashi a kogin Vorskla hannun rundunar Tatar, ya tsira da ƙyar, amma bai karaya ba. Ran 15 ga Yuli 1410, a Grunwald, shi da Jogaila, sarkin Poland a lokacin, suka karya ƙarfin baraden Jamus. Har yau 'yan Poland da 'yan Lituwaniya suna jayayya a kan ja da bayan da sojan Vytautas suka yi a tsakiyar faɗan, waɗansu su ce gudu ne, waɗansu su ce tarko. Ni ina tare da masu cewa tarko, domin dabara ce da aka sani wurin mahayan Tatar, kuma Tatar ɗin suna cikin rundunarsa a ranar, ƙarƙashin Jalaluddin ɗan sarkin Tatar Tokhtamysh.

Nan ne hujjar da masu cewa bogi ba sa iya amsawa. Bulo ana iya sabunta shi, mutane kuwa ba a ƙirƙirarsu. A ƙarshen ƙarni na 14 Vytautas ya kawo Musulmin Tatar ya ba su filaye a kewayen Trakai da Vilnius, kuma zuriyarsu tana nan, da masallacin katako a ƙauyen da ake kira Tatar Arba'in. Ya kuma kawo Karaim daga Kirimiya, masu harshe dangin Turkanci da ke bin Attaura ba tare da Talmud ba. Titin da ke kai baƙo gadar katako ta fadar titinsu ne: ƙananan gidajen katako masu launi, kowane da taga uku tana kallon hanya, wanda al'adarsu ta ce ɗaya ta Allah ce, ɗaya ta sarki, ɗaya ta mai gida. Yaron da ke cin kibinai a bakin tafki, burodin nan mai siffar jinjirin wata da aka cusa wa naman rago da albasa, abincin mutanen da Vytautas ya zaunar yake ci.

Wani zai ce, to ai garin ke nan, ba fadar ba. Fadar ce ta sa garin ya zama haka, don tsaronta aka zaunar da su. Kuma a cikinta labarin ya ƙare. A 1429 Sarki Sigismund na Hungary ya yi wa Vytautas alkawarin kambi, aka sa ranar naɗi a Satumba 1430, manya suka hallara, 'yan Poland suka tare wakilan Sigismund a hanya. Vytautas, tsoho da ya kai kimanin tamanin, ya rasu a wannan tsibiri ran 27 ga Oktoba 1430, kambin bai iso ba.

Bayansa fadar ta zama wurin shaƙatawar sarakuna, sannan kurkuku, yaƙin Mosko na 1655 ya bar ta kango. Aka fara babban gyara bayan Yaƙin Duniya na Biyu, shugaban Sobiyet Khrushchev ma ya soki aikin a 1960, aka buɗe gidan tarihi a 1962. Wanda ya matsa kusa da katangar zai ga inda tsohon dutse ya tsaya, sabon bulo ya hau kansa.