Sauyin koci da salon kai hari a ƙwallon jami'o'in Amurka

A Amurka, wasan da ake kira ƙwallon ƙafa ya bambanta da wanda aka sani a sauran sassan duniya. Ƙwallon dogo ne mai kama da ƙwai, kuma akasari da hannu ake sarrafa shi.

Kowane ɓangare na da 'yan wasa 11 a fili. Ɓangaren da ke riƙe da ƙwallo ana ba shi dama huɗu ya ci yadi 10 zuwa gaba, ko dai ta hanyar gudu da ƙwallon, ko kuma ta jefa shi ga abokin wasa. Yadda ƙungiya ke haɗa gudu da jifa shi ne salonta na kai hari, kuma koci ne ke tsara shi.

A jami'o'i, koci ba ya sayen ƙwararru kamar yadda kulob-kulob ke yi. Daga makarantun sakandare yake zawarcin matasa, yana zaɓen masu jiki da basirar da suka dace da tsarinsa. Saboda haka idan aka sallame shi, wanda ya gaje shi kan tarar da 'yan wasan da aka ɗinka wa wata riga dabam.

Misalin Nebraska

Babu inda wannan ya fito fili kamar Jami'ar Nebraska da ke birnin Lincoln.

Tom Osborne ya horar da ƙungiyar daga 1973 zuwa 1997, ya ci wasa 255, ya kuma ɗauki kambun ƙasa a 1994 da 1995 da 1997. Ƙarfinsa ya ta'allaƙa ne a kan salon da ake kira na zaɓi. A nan, kwatabak, wato ɗan wasan da ke jagorantar hari, yakan ruga da ƙwallon yana lura da mai tsaron baya guda. Idan mai tsaron ya auka masa, sai ya miƙa wa abokinsa. Idan ya bi abokin, sai ya wuce da kansa. Jifa ba ta da yawa.

Da wannan salo Nebraska ta lallasa Florida da maki 62 da 24 a watan Janairun 1996. Ya kuma dace da jihar, mai ƙarancin jama'a da tsananin sanyi da iska, inda ake samun ƙarfafan 'ya'yan manoma masu iya buɗa wa mai gudu hanya.

Mataimakin Osborne, Frank Solich, ya ci gaba da tsarin, har kwatabak ɗinsa Eric Crouch ya samu lambar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'a a 2001. Amma a watan Nuwamban 2003 daraktan wasanni Steve Pederson ya sallame shi, duk da cewa ya ci wasa 9 cikin 12 a kakar.

An ɗauko Bill Callahan, wanda ya kai ƙungiyar ƙwararru ta Oakland Raiders wasan ƙarshe na Super Bowl a farkon 2003. Ya zo da salon Gaɓar Yamma, mai dogaro da gajerun jifa a kan ƙayyadajjen lokaci, da tarin dabarun da sai an haddace.

Kwatabak Joe Dailey, wanda aka ɗauko domin gudu, shi aka ɗora wa jifa. A 2004 abokan hamayya sun cafke jifarsa sau 19. Texas Tech ta doke Nebraska da 70 da 10, ƙungiyar kuma ta kammala da nasara 5 da rashin nasara 6. Rabon da ta sha kashi fiye da yadda ta ci tun 1961, kuma a nan ne aka yanke shekara 35 da ta yi a jere tana halartar wasannin karramawa na ƙarshen kaka.

Adalci shi ne a ce harin ya gyaru daga baya. Zac Taylor, wanda Callahan ya zaɓo da kansa, ya zama gwarzon ɗan wasan hari na rukunin Big 12 a 2006. Sai dai tsaron baya ya wargaje a 2007, har Kansas ta zura mata maki 76. Osborne, wanda aka dawo da shi a matsayin daraktan wasanni na riƙo, shi ya sallami Callahan a ƙarshen kakar.

Michigan ta bi akasin hanyar

A 2008 Rich Rodriguez ya kawo wa Michigan salon baza 'yan wasa a faɗin fili, mai buƙatar kwatabak mai gudu. Ryan Mallett, gwanin jifa da ya tarar, ya koma Arkansas, ƙungiyar kuma ta ci wasa 3 kacal cikin 12. Sai a 2010 Denard Robinson ya nuna abin da salon zai iya yi, amma a Janairun 2011 aka kori kocin.

Abin da ya sauya

A zamanin Callahan da Rodriguez, ɗan wasan da ya sauya jami'a a babban rukuni yakan zauna shekara guda ba ya wasa. Don haka sabon koci na buƙatar shekara uku zuwa huɗu kafin nasa yaran su cika fili, kuma da wuya magoya baya su yi haƙurin hakan.

Hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta buɗe rajistar masu neman sauya sheƙa a 2018, ta janye zaman shekarar ga sauyin farko a 2021, sannan ta cire iyakar yawan sauyin a 2024. Lokacin da Deion Sanders ya karɓi Colorado gabanin kakar 2023, ya sauya mafi yawan 'yan wasan cikin 'yan watanni, ya kuma taho da ɗansa Shedeur a matsayin kwatabak. Ƙungiyar da ta ci wasa 1 a 2022 ta ci 4 a 2023, sannan 9 a 2024.