Saki A Ƙasar Daura: Wa Ke Da 'Ya'ya, Wa Ke Da Kaya?

Mai karatu, sau nawa ka ga an miƙa wa mace takardar saki a fim, miji na cewa "ajiye mini 'ya'yana"? To, a gaban alƙali ba haka abin yake ba.

Ɗauki Mai'adua a masarautar Daura. A zamanin En'e, alƙalan sarki ke shari'ar aure. A 1968 kotunan suka koma hannun gwamnatin jiha da sunan kotunan yanki, sannan a 2000 Jihar Katsina ta mai da su kotunan Shari'a. Suna ya canza, amma hukuncin aure na Malikiyya bai canza ba.

Riƙon yara na uwa ne: namiji sai ya balaga, mace sai ta tare a gidan miji. In uwar ta sake aure, riƙo ya koma wurin mahaifiyarta. Ci da sutura kuwa suna wuyan uba. Kayan ɗaki nata ne, sadaki ma nata ne, sai fa in hul'i ta nema. Gidan da miji ya gina da kuɗinsa nasa ne.

Ƙwace yaro da zarar an yaye shi al'ada ce kawai. Marubuta da 'yan fim, a riƙa bambancewa.