Daga Allo Zuwa Alli: Wa Ke Koya Wa 'Ya'yan Sabo Karatu?

A shekarar 1916 aka yanka wa Hausawan Ibadan wannan unguwa tamu ta Sabo. Kakanninmu sun zo ne da fataucin shanu da goro, jirgin ƙasa kuma ya ƙara wa harkar ƙarfi, don ya iso Ibadan a 1901, ya haɗa Ikko da Kano a 1912. To amma da allunansu suka zo. A zaure ake zaunar da yaro ya fara da babbaƙu, wato haruffa babu wasali, sai ya wuce farfaru inda ake sa musu wasali. Da wannan karatu ne mai gida ke rubuta wasiƙa da ajami zuwa Kano, ya rubuta wa ke binsa, wa yake bi.

Ku lura da abu biyu game da wancan malami na zaure. Na farko, ɗan gida ne, harshen da yaro ke ji da shi yake yi masa bayani. Na biyu, ba ya wanke wa yaro allo sai ya biya. Waɗannan abubuwa biyu su ne muka rasa da muka shiga boko.

A ƙasar Yarabawa, boko ta hannun mishan ya shigo, su ne kuma suka fara horar da malamai. Kwalejin St Andrew's ta zauna a Oyo tun 1896, ta Wesley kuma aka buɗe ta a nan Ibadan a 1905. Iyayenmu suka ƙi kai 'ya'yansu, suna tsoron a canza musu addini, tsoron kuwa yana da dalili. Musulmin Yarabawa ma sun ji wannan tsoro, sai dai su sun nemo masa magani. A 1923 suka kafa ƙungiyar Ansar-ud-Deen a Ikko, suka gina makarantun firamare nasu, daga baya suka buɗe kwalejin horar da malamai a Ota. Sun gane cewa wanda ya riƙe alli shi ya riƙe yaro, sai suka yi nasu malaman. Mu kuwa muka ja da baya, muka riƙe kasuwa.

A can Arewa ma ba a zauna ba. Hans Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nassarawa ta Kano a 1909, ana koyarwa da Hausa. A 1922 aka yi bikin buɗe Kwalejin Katsina, wadda aikinta shi ne fitar da malamai. Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa duk can suka yi karatu, dukansu kuma sun riƙe alli kafin siyasa. Haka Abubakar Imam, malamin Midil ta Katsina ne kafin ya rubuta Magana Jari Ce, littafin da aka yi shi musamman don 'yan makaranta su sami abin karantawa da harshensu. A 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa daga Zariya, a shekarun 1950 kuma aka shiga Yaƙi da Jahilci don manya. Kun ga ke nan Hausa ta sami malamai, ta sami littattafai. Sai dai duk wannan aikin gwamnatin Arewa ne da En'e-en'enta. Jarida ta kan iso mu a jirgi, amma malamin ba a turo shi Sabo.

A watan Janairu na 1955 gwamnatin Jihar Yamma ƙarƙashin Obafemi Awolowo ta buɗe ilimin firamare kyauta. Cikin shekara ɗaya yawan 'yan firamare ya tashi daga kusan 457,000 zuwa kusan 811,000. Ƙofa ta buɗe wa kowa, har da mu. Amma yaron Sabo da ya shiga aji sai ya tarar malama na magana da Yarabanci, littafi na Turanci, shi kuwa Hausa yake ji, Larabci ya saba gani a allo. Harsuna huɗu a kan yaro ɗan shekara shida! In ya yi shiru a ce daƙiƙi ne, in ya gudu a ce Bahaushe ba ya son boko.

Haka aka sake yi a 1976, lokacin da gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da UPE a duk faɗin ƙasa. An yi lissafin yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai kusan miliyan 3 suka zo. Malamai suka yi ƙaranci, aka shiga horar da su cikin gaggawa, a wannan shekara kuma aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, a Kaduna. Manufar ilimi ta ƙasa da ta fito a 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankin. Magana mai kyau, amma a Ibadan harshen yanki Yarabanci ne. Sai muka sake faɗawa tsakani.

Shin harshen uwa yana da wani amfani kuwa, ko dai son kai ne? Amsar a nan kusa da mu take. Daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na jami'ar Ife sun gwada koyar da wasu yara a Modakeke da Yarabanci har ƙarshen firamare, Turanci kuma ana koya musu shi a matsayin darasi. Da aka auna su da waɗanda aka juya musu zuwa Turanci da wuri, sai suka fi su ƙoƙari, ko a Turancin ma ba a bar su baya ba. Abin da ya yi wa ɗan Bayarabe zai yi wa ɗan Bahaushe. Rubutun Hausa ma yana da sauƙin kamawa, wasali biyar ne, yadda aka rubuta kusan haka ake faɗa. Yaron da ya iya haɗa ba da ki ya karanta baki, ya gane sirrin karatu, sauran kuma a ɗora masa Turanci a kai. Ai babbaƙu da farfaru ne dai, da wasu haruffa.

Yau hanyar zama malamin firamare a fili take. An daina takardar Gireti Tu, mafi ƙarancin abin da ake karɓa shi ne NCE, karatun shekara uku a kwalejin ilimi, inda akwai sashe na musamman don koyar da 'yan firamare. Akwai irin waɗannan kwalejoji a Oyo da Abeokuta, ba sai an tafi Arewa ba. Wanda ba zai iya barin shago ko gida ba, NTI na yin karatun ƙarshen mako. Bayan nan sai rajista da hukumar malamai, TRCN, wadda aka kafa a 1993.

Mun san abin da za a ce: albashi ba ya isa, kuma aikin gwamnatin jiha sai da takardar ɗan asali, wadda yawancinmu ba ma samu ko da kakanmu a nan aka haife shi. Gaskiya ne. Amma Islamiyyu da makarantun kuɗi da muka buɗe a unguwa fa, wa ke koyarwa a ƙananan azuzuwansu? Sau da yawa wanda ya gama sakandare ya rasa abin yi shi muke ba aji ɗaya, alhali ajin da ya fi kowane wuya ke nan. Yaron da ya kai aji uku bai iya karatu ba, da wuya ya kamo 'yan uwansa, ƙarshenta sai talla ko acaba.

Saboda haka muna kira ga Sarkin Hausawa da masu gida da ƙungiyoyin 'yan goro da 'yan kara. A zaɓi samari da 'yan mata masu haƙuri da yara, a ɗauki nauyinsu su yi NCE, in sun dawo a ba su aji ɗaya da aji biyu, a biya su abin da zai riƙe su. Kakanninmu sun ciyar da malamin zaure, sun ba shi masauki, ba su jira gwamnati ba. Malamin alli ma haka yake buƙata.

Allah ya shirya mana zuriya, ya ba su ilimi mai amfani. Amin.